Yadda Za Ka Tuƙa Kanka Cikin Gandun Daji Ka Ga Namun Dawa da Idonka

A shekarar 1927, shekara guda bayan an kafa gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu, motocin masu yawon buɗe ido uku kacal suka shiga cikinsa. Yau baƙi sun haura miliyan a shekara, kuma mafi yawansu ba su da ɗan rakiya: su ne direba, su ne masu duba taswira, su ne masu neman dabba. Wannan tsari ya fi sauƙin kuɗi, ya kuma ba mutum 'yancin tsayawa awa biyu yana kallon garken giwaye ba mai ce masa a tafi. Sai dai duk abin da ɗan rakiya zai yi maka, yanzu a wuyanka yake. Abin da ke tafe shi ne yadda ake ɗaukar wannan nauyi, tun daga zaɓen daji har zuwa fita ƙofa da yamma.

Zaɓi dajin da ya dace da kai da motarka

Ba kowane gandun daji ake shiga da ƙaramar mota ba. Ga wanda bai taɓa yi ba, ni dai Kruger nake fara ambata. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 20,000, tsawonsa daga kudu zuwa arewa kamar kilomita 360, manyan hanyoyinsa na kwalta ne, kowace mahaɗa akwai alamar dutse mai nuna suna da nisa, sannan akwai gidan mai a manyan masaukai. Etosha a Namibiya, wanda aka keɓe tun 1907, shi ne na biyu: hanyoyinsa na tsakuwa ne, amma fili ne fetal, kuma da rani dabbobin da kansu suke zuwa mashaya su same ka. Wanda ba ya son shan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ko mai tafiya da ƙananan yara, zai iya duba Pilanesberg ko Addo, duka a Afirka ta Kudu, domin ba sa cikin yankin cutar. Gandun dajin Nairobi kuwa a bakin birni yake, rabin yini ya isa.

Su Moremi da cikin Chobe a Botswana ka bar su sai hannunka ya faɗa. Can rairayi ne mai zurfi da ƙetaren ruwa, sai mota mai jan ƙafa huɗu, da man ajiya, da sanin yadda ake tono mota idan ta kafe.

Lokaci ma yana da nasa. A kudancin Afirka rani yana kamawa daga Mayu zuwa Satumba, kuma shi ne lokacin sanyinsu. Ciyawa ta bushe, ganye ya zube, ruwa ya janye sai a koguna da tafkuna, saboda haka ido yana kaiwa nesa kuma dabbobi suna taruwa wuri guda. Damina, daga Nuwamba zuwa Maris, ta fi kyan gani, lokacin haihuwa ne kuma tsuntsaye baƙi sun iso, amma zaki zai kwanta taku biyar daga taya ba ka gan shi ba. Ga ambaliya: a 2000 da 2013 ruwa ya yi wa hanyoyi da masaukan Kruger ɓarna mai yawa, kuma ko a shekarar da ba a yi irin wannan ba, akan rufe ƙananan gadoji da hanyoyin tsakuwa bayan ruwa mai ƙarfi.

Kama masauki tun da wuri, kuma a ciki

Kwana a cikin daji ya fi kwana a waje nesa ba kusa ba, dalili kuwa ɗaya ne: asuba. A Kruger, daga Nuwamba zuwa Janairu ana buɗe ƙofar masaukai da 4:30 na asuba, ƙofofin shigowa daga waje kuwa sai 5:30, ban da layi da cike takarda. Wannan awa guda ita ce ta zakuna da kuraye da suke kan hanya suna komawa daga farautar dare. Hukumar SANParks, mai kula da gandun dajin Afirka ta Kudu, tana buɗe rajistar masauki wata 11 kafin lokaci, kuma wurare irin su Lower Sabie da Satara ba sa daɗewa suke cika, musamman lokacin hutun makaranta. Mai shiga na yini ɗaya shi ma ya sani cewa a ranakun cunkoso akwai adadin da ake bari su shiga, idan ya cika sai a dakatar.

Kada ka raba kwanakinka masauki biyar don son ganin ko'ina. Kwana biyu ko uku a wuri ɗaya ya fi, domin sai a rana ta biyu kake fara gane wace mashaya ce ke da rai da wane lokaci.

Motar

Tsayi ya fi ƙarfin inji amfani. Mota mai ɗan tudu tana ba ka damar hango bayan ciyawa, kuma cikinta ba ya gugar dutse. Idan haya za ka ɗauka, tambayi abu uku kafin ka sa hannu: ko an yarda a hau hanyar tsakuwa da ita, ko inshorar ta haɗa da taya da gilashin gaba, da ko akwai iyakar kilomita a rana. Taya da gilashi su ne suka fi lalacewa, kuma su ne aka fi cirewa daga inshora.

Sannan ka buɗe but da hannunka. Na taɓa karɓar mota daga wani kamfanin haya, ma'aikacin ya nuna mini safaya da yatsa, na gyaɗa kai na wuce. Sai kwana uku bayan nan, da ƙaya ta sace mini iskar tayar baya a cikin masauki, na tarar jak ɗin yana nan amma ba marikinsa, safayar kuma iskarta rabi. Na yi sa'a a cikin shinge abin ya faru. Tun daga ranar nake taɓa safaya, in gwada sifana a kan noti, kafin in bar harabar kowane kamfani.

A Afirka ta Kudu da Namibiya da Botswana da Kenya da Tanzaniya hannun hagu ake bi, sitiyari yana dama. Wanda bai saba ba ya nemi mota mai canza giya da kanta, don hankalinsa ya tafi ga daji. Ka riƙe lasisinka da na ƙasa da ƙasa, da fasfo, domin ana dubawa a ƙofa.

Kayan da za su zauna kusa da hannu ba su da yawa: madubin hangen nesa, kowa da nasa in da hali, don ba abin da ke haddasa gardama a mota kamar madubi ɗaya ga mutum huɗu, taswirar takarda da ake sayarwa a ƙofa, saboda sabis ɗin waya yana ɗaukewa da zarar ka yi nisa da masauki, ruwan sha fiye da yadda kake tsammani, guzuri, tocila, rigar sanyi ta asuba, da littafin gane dabbobi da tsuntsaye. Maganar rigakafin zazzaɓi kuwa ka gama ta da likita kafin tafiya, domin wasu magungunan ana fara shansu tun kafin a isa.

A bakin ƙofa

Za a ba ka takardar izinin shiga. Adana ta, ana nemanta a masauki da wurin fita, kuma galibi lambar kiran gaggawa tana jikinta; kwafe ta a waya nan take. Dokokin kusan iri ɗaya ne a ko'ina: ba a fita daga mota sai inda aka yi alama, ba a sauka daga hanya, ba a ba dabba abinci, ba a tashin jirgi maras matuƙi, ba a shiga da babur ko dabbar gida. A Kruger ko fito da jiki ta taga ko ta rufin mota laifi ne. Gudu a can kilomita 50 ne a awa kan kwalta, 40 kan tsakuwa, kuma akwai jami'ai da na'urar auna gudu. A Etosha 60 ne.

Tsara yini da agogon dabbobi

Nan ne yawancin sababbi suke kuskure. Suna duba taswira su ga kilomita 90 da 'yan kai tsakanin masaukan Skukuza da Satara a Kruger, sai su ce awa biyu. A'a. Yi lissafi da kilomita 25 a awa, ka ga tafiyar ta kusa awa huɗu, kuma wannan idan garken ɓauna bai tare maka hanya ba. 

Fita da buɗe ƙofa, ka yi awa uku zuwa huɗu. Da rana ta take, koma masauki ko ka tsaya a wurin hutu irin Tshokwane ko Afsaal, inda aka yarda a sauka. Zaki yana iya shafe awa 18 zuwa 20 a kwance a yini, tsakar rana kuwa sai dai ka hango kunne a ƙarƙashin inuwa. Amma kada ka raina tsakar rana gaba ɗaya: lokacin ne giwaye da jakunan dawa da gadu suke gangarowa ruwa. Sai kuma fita ta biyu daga wajen ƙarfe 3:30 zuwa rufe ƙofa.

Dabara ƙarama mai amfani: da safe ka nufi yamma, da yamma ka nufi gabas. Rana tana bayanka, ba ta kashe maka ido, kuma hasken yana sauka kan dabbar.

Yadda ake gani

Wannan shi ne zuciyar al'amarin, kuma a nan zan daɗe.

Dokar ta ce 50, amma mai son gani ba ya wuce 20 zuwa 30. Sauke gilashi, kashe rediyo, kashe na'urar sanyaya mota in za ka iya jurewa. Raba aiki: direba yana duban hanya da gefenta na kusa, na kusa da shi ya ɗauki gefensa, na baya su duba nesa da kan itatuwa. Kada ka nemi dabba sukutum. Ba kasafai daji yake nuna maka damisa a tsaye kamar a hoto ba. Abin da za ka gani shi ne wutsiya ta saƙalo daga reshe, ko kunne ya motsa, ko wani layi a kwance a wurin da komai yake tsaye. Ka koya wa idonka ya ratsa cikin kurmi maimakon ya tsaya a fuskarsa.

Sannan ka bar sauran dabbobi su yi maka aiki. Impala, wata irin barewa ja da ta cika Kruger har mutane suna daina tsayawa dominta, ita ce babbar mai ba da labari. Idan suna kiwo kowa da inda ya fuskanta, lafiya lau. Idan kuwa duk sun ɗaga kai, sun zuba ido wuri ɗaya, suna wani irin huci mai kama da atishawa, to taka birki. Raƙumin dawa da ya daina cin ganye ya ƙura ido ƙasa, shi ma ya ga abin da ba ka gani ba, ga shi kuwa ya fi kowa hasumiya. Gwaggon biri yana haushi daga kan itace, zabi da fakara suna kwarmato, duk sanarwa ce. Ungulu masu shawagi can sama ba lallai su nuna komai ba, iska suke hawa; waɗanda suke faɗowa ƙasa da ƙafafu a miƙe, ko suka yi cincirindo a kan busasshen itace, su ne ke cewa akwai mushe, kuma zamansu a kan itace yakan nuna mai naman bai tashi ba tukuna. Kukan carki daga cikin kurmi yana nufin akwai babbar dabba kusa, ɓauna ko karkanda ko raƙumin dawa.

Wata safiya a hanyar da ke bin kogin Sabie, na tarar da impala kamar talatin sun daskare, kowace ta fuskanci wani kwari. Motoci biyu suka zo, suka leƙa, ba su ga komai ba, suka wuce. Na kashe inji. Minti goma ba abin da ya motsa sai ƙuda. Matata har ta fara buɗe taswira. Can sai wani ɗan tsuntsu ya tashi firgigit daga gindin wata bishiya, ciyawa ta rabu, damisa ta fito a natse, ta tsaya a bakin kwalta tana lasar ƙafarta ta gaba kamar kyanwar gida, ta ɗaga farin bakin wutsiyarta sama, ta tsallaka ta gaban motarmu ta shige. Duka bai kai minti ɗaya ba. Mota ta gaba da ta iso ta tarar da mu muna kallon ciyawa.

Hanyar tsakuwa da asuba littafi ce. Sawun dangin kyanwa, zaki da damisa, ba ya nuna farce. Na kura da kyarkeci yana nunawa. Idan sawun ya hau kan sawun taya, to bayan wucewar motar aka taka shi. Kashin giwa mai tururi da rassa da aka karya sabo suna cewa ka rage gudu kafin kwana. Kada ka taka kashin giwa da taya: ƙaya tana fitowa a cikinsa ba ta narke ba, ga kuma buzuzu da ke aiki a ciki. A Addo har alluna aka kafa cewa buzuzu ne ke da hanya.

A mashaya kuwa aikin zama ne. Nemi wurin da kake ganin hanyoyin da dabbobi suke gangarowa, kashe inji, ka ba wurin aƙalla rabin awa. A Etosha wannan shi ne kusan dukan dabarar, kuma a masaukin Okaukuejo akwai mashaya mai fitila inda baƙin karkanda yakan zo da dare, kai kana zaune bayan katanga.

Masaukai suna da allo da baƙi suke liƙa alamar inda suka ga me. Duba shi, amma kada ka bi shi da gudu, domin rabbin da aka gani da ƙarfe bakwai ba ya jiran kowa. Za ka lura ba a sa karkanda a allon Kruger. Saboda mafarauta masu neman ƙahonsa ne, kai ma kada ka wallafa hotonsa a intanet da bayanin wurin. Gaisawa da direban da ke tahowa ta taga ya fi allo sabon labari.

Giwa

Zaki ba ya damuwa da mota. A wurinsa wani ƙaton abu ne mai wari da ba a ci, muddin siffar mutum ba ta fito daga jikinsa ba. Shi ya sa ake hana leƙowa. Giwa ce abin kiyayewa, domin toro yana kai tan shida, kuma an sha ganin ya kifar da mota.

Ba ta tazara mai yawa, kamar mita 50 ko fiye. Kada ka shiga tsakanin uwa da ɗanta, kada ka raba garke mai tsallaka hanya, kuma ka tuna na ƙarshe yakan fito bayan ka ɗauka sun ƙare. Tsaya yadda kana da mafita, ka duba madubi ko wata mota ta toshe ka ta baya. Giwa mai cin ganye tana kaɗa kunne a hankali fifita take yi. Wadda ta daina ci, ta juyo, ta ɗaga kai, ta baza kunnuwa, tana girgiza kai ko tana shurin ƙasa, cewa take ka matsa. Sa ribas ka ja baya sannu a hankali, ba oda, ba taka totur da ƙarfi. Toron da ka ga ruwa mai maiƙo yana gangarowa daga gefen kansa tsakanin ido da kunne, fitsari yana ɗiga ya jiƙa ƙafafunsa na baya, yana cikin lokacin zafin sha'awa ne, kuma ba a yi masa shaidar hankali. Idan ya biyo hanya yana tahowa, ci gaba da ja da baya ko da kilomita guda ne, ko ka juya tun yana nesa.

Ɓauna da karkanda ma a ba su fili. A wuraren hutu kuwa ɓarayin su ne birai: rufe gilashi ko da minti ɗaya za ka yi. Birin da aka saba ba abinci yakan zama mai ƙwace, ƙarshensa jami'ai su harbe shi, wanda ya miƙa masa abin kuma ya daɗe da komawa gida.

Idan motoci sun taru, ko taka ta lalace

Inda aka ga zaki cunkoso ake yi. Tsaya a gefen da dabbar take, ka bar ɗaya hannun a buɗe don masu wucewa, kada ka shiga gaban wanda ya riga ka, kashe inji, kuma idan ka more kallo ka matsa wa na baya. Kada ka yi tafi ko fito don dabba ta ɗago kai.

Idan taya ta fashe ko inji ya mutu, zauna a ciki. Kunna fitilun gargaɗi, kira lambar da ke kan takardarka, in ba sabis ka tsayar da mota ta farko ka ba ta saƙo zuwa masauki mafi kusa: sunan hanya, nisanka daga mahaɗa, launi da lambar mota. Idan iskar a hankali take fita, lallaɓa zuwa wurin da aka yarda a sauka. Tafiya a ƙasa neman taimako ita ce mafi munin shawara. Saboda irin wannan ne ake cika tanki duk lokacin da ya sauko rabi, ake kuma barin hanyoyin da ba kowa zuwa safiya, ba dab da rufe ƙofa ba.

Awa ta ƙarshe

Lokacin rufewa ba wasa ba ne. A Kruger 5:30 na yamma ne daga Mayu zuwa Yuli, 6:30 daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sauran watanni 6:00. A Etosha faɗuwar rana ce, kuma ana rubuta lokacin a ƙofa. Wanda ya makara tara ce ke jiransa, wanda ya yi gudu don kada ya makara kuma shi ne ke banke dabba, domin a daidai wannan lokaci suke hawa hanya. Abin haushin shi ne awar nan ta fi kowace daɗi.

Maganinta lissafi ne daga baya. Duba nisan da ya rage, raba shi da 25, ƙara minti 20 na giwar da za ta iya tare hanya, ka sa ƙararrawa a waya a kan lokacin juyawa. Sannan ka zaɓi wurin ƙarshe da yake dab da masauki. Mai kwana a Lower Sabie yana da tafkin Sunset Dam kamar kilomita ɗaya daga ƙofa: ya iya zama yana kallon dorina suna hamma, kadoji a baje a gaɓa, shamuwa suna komawa sheƙa, har saura minti goma, sannan ya tayar da mota.